Sola ba ɗora fanel a kan rufi ba ne kawai

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wayata, ni da nake aikin haɗa sola, ba ta huta ba, kowa ya gaji da ɗura wa janareto fetur, sai kuma a Afrilun 2024 aka kai wutar 'yan Band A, wato rukunin da aka ce su za a fi bai wa wuta, naira 225 kowane yunit, to daga nan har masu cewa sola kayan manya ne suka fara tambayar farashi. Aiki ya buɗe Alhamdulillah, amma da ya buɗe sai kowa ya zama injiniya, yaro ya bi wani wata biyu yana riƙe masa tsani gobe ka ga ya buga kati.

Ni a wajena ba ranar da fitila ta kama aiki ke ƙarewa ba. Sai na tabbatar mutanen gidan za su iya da kayan ba tare da sun neme ni ba. Alhaji ne ya biya kuɗi, gaskiya ne, amma da safe zai fice kasuwa, Hajiya da yara ne za su wuni da inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin wadda kayan gida ke amfani da ita. Shi ya sa idan mun gama nake neman izinin maigida a kira su a yi bayanin a gabansu, in ba zai yiwu ba in naɗi murya a WhatsApp dalla-dalla ya tura musu. Inbata tana ƙara tana nuna 07 a fuskarta, wa zai san nufinta kaya sun yi mata yawa? Littafin da ke cikin kwali Turanci ne da ƙananan rubutu, ba mai karantawa. Don haka muke manna takarda mai leda a gefenta da Hausa: in kin ji ƙara ki cire abu mai zafi, in wannan fitilar ta yi ja ki kashe firiza sai rana ta fito. Gidan dattijai kuma har da ajami muke rubutawa, kuma wallahi sun fi kowa bin ƙa'ida.

Sannan muna raba layi tun daga akwatin rarraba wuta. Fitilu, fanka, talabijin da cajin waya layinsu daban, soket ɗinsu da alamar kore. Dutsen guga, hita da injin ruwa suna kan layin NEPA da jar alama, ko an jona ba za su taɓa batir ba. Dutsen guga ɗaya na iya jan wat 1000 ko fiye, ka ga kuwa maimakon ka yi ta gargaɗin yaro gara ka tsara wayarin yadda ko ya manta ba abin da zai lalace. Suwic ɗin canja layi ma ba ma kai shi can sama inda sai an taka kujera.

Wannan tsarin a wajen maigidana da ya koya min aiki na gaje shi, a Sabon Gari, lokacin ana gyaran fanka da naɗin koyil ne, sola ko labarinta ba ma ji. Allah Ya jiƙansa, ba ya karɓar akwati sai kowace waya ta kwanta a layinta da alamarta, yakan ce wanda zai zo gyara bayanka ya buɗe ya gane aikinka ba sai ya tambaya ba. Har yau in na ɗaure waya hannunsa nake gani.

Abin da ke ci min rai shi ne masu araha. Mutum zai ce maka Injiniya wane ya ce zai yi min a rabin kuɗinka. To zai yi, da wayar alminiyom da aka shafa wa ruwan tagulla, da fanel mai takardar wat 300 wanda bai kusa kaiwa ba, da tsohon batir da aka wanke aka sake wa kwali. Ya sa maka kontrola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir daga fanel, mai araha da ake ce wa PWM, ya karɓi kuɗin mai tsada da ake ce wa MPPT tunda ya san ba ka san bambancin ba. Bayan 'yan watanni batir ba ya kai ƙarfe goma na dare, ka kira lambarsa a kashe, sai a dawo mana a ce don Allah a zo a duba. Muna zuwa, amma raina na ɓaci in ga kuɗin bawan Allah sun tafi a banza, kuma daga nan sai ka ji ana cewa ai sola yaudara ce.

Mu ba ma jiran sai an kira. Hunturu na shigowa yarana ke bin kwastomomi da saƙo cewa ƙura ta fara rufe fanel, a wanke da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi, da ruwa da tsumma mai laushi, ban da omo. Masu batir tubula, wato irin wanda ake ƙara wa ruwa, muna tuna musu su duba ruwansa, kuma ruwan batir na asali za a zuba, ba na famfo ko fiya wata ba. Wanda ya kira da dare inbata na kuka, ce masa muke ya ɗauki hoton fuskarta ya turo, galibi a wayar ake gamawa, in kuma ta ƙi to da safe kafin ya fita kasuwa zai ga mashin ɗinmu a ƙofar gida.