Ranar da mota ta ɗauke mana a hanyar Daura

Asabar, bayan isha'i.

Har yanzu jikina bai gama dawowa daidai ba, shi ya sa na ce bari in rubuta kafin in kwanta.

Da hantsi muka bar Katsina za mu Daura duba Gwaggo, ta kwana biyu ba ta jin daɗi. Ni da uwargida a gaba, ƙaramar 'yarmu na barci a baya. Mun wuce Mashi da kaɗan na cim ma wata tirela ɗauke da siminti tana tafiyar hawainiya. Na leƙa, hanya fayau, na fita zan wuce ta. Ina daidai tsakiyarta motar ta yi tari sau biyu. Na taka totur, shiru. Fitilun gaban sitiyari suka kama gaba ɗaya, inji ya ɗauke. Sitiyarin da nake murzawa da hannu ɗaya ya yi nauyi kamar an ɗaure shi, ga wata bas can gaba ta taho tana yi mani fitila. Uwargida ba abin da take maimaitawa sai Innalillahi. Allah ya sa tirelar ta ci gaba da tafiyarta, na samu na koma bayanta da ɗan sauran gudun da ke jikin motar, na gangara gefen kwalta. Birki ya kama a takun farko, a na gaba ya yi tauri kamar dutse. Yarinyar ko motsi ba ta yi ba.

Na kira bakanikena. Ya ce, "Malam, murza makulli amma kada ka tayar, ka kasa kunne wajen kujerar baya. Ka ji ƙugi?" Ban ji komai ba. Ya ce famfon mai ne. Ya ce in na bubbuga ƙasan tanki wataƙila ta tashi ta kawo ni gida. Na ce mashi ba da iyalina a ciki ba. Na sa su a motar haya suka ƙarasa Daura, ni kuma na jira janwe.

Sai bayan azahar muka iso gareji. A gabana ya ɗaga kujerar baya, ya kwance wani murfi zagayayye, ya zaro famfon daga cikin tanki yana ɗigar fetur. Rariyar da ke bakinsa ta yi baƙi ƙirin, ya shafa da yatsa ya nuna mani dauɗa kamar ƙasar gero. Ya tambaye ni nawa nake zuba mai. Na gaya mashi gaskiya: tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, da wuya allurar ta wuce kwata, wani lokaci kuma wajen 'yan bumburutu nake saye. Ya ce famfon nan a cikin fetur yake kwana, fetur ɗin ne ke sanyaya shi, in tanki kullum a ƙasa yake to zafi da datti za su cinye shi. Na karɓi wannan, laifina ne.

Ƙanena ne ya zo ɗaukata, kuma shi ya kawo maganar da ta hana ni sukuni. Ya ce, "Yaya, ka san akwai motocin da famfonsu tun daga masana'anta yake da lahani?" Ya buɗe wayarsa ya nuna mani. A watan Janairun 2020 Toyota ta nemi a mayar mata da motoci kusan 700,000 a Amurka saboda famfon mai, kafin ƙarshen shekarar adadin ya haura miliyan 3, har da Camry da Corolla da Highlander da Sienna da wasu Lexus. A Disambar 2023 Honda ita ma ta kira kusan miliyan 2.5, su Accord da Civic da CR-V. Famfunan na kamfanin Denso ne na Japan. Matsalar wata 'yar farfela ce ta roba a cikin famfon, ita ke juyawa tana tura mai zuwa inji. Robar da aka yi wasu da ita ba ta da ƙwari yadda ya kamata, sai ta tsotsi fetur ta kumbura ta karkace, ta riƙa gogar jikin famfon har ta tsaya cik. In ta tsaya, inji ya mutu, ko kana tsaye a gaban gida ko kana tsakiyar wuce tirela.

Muka je gaban gilashi, ta gefen direba, ya karanto lambar shasi, haruffa da lambobi 17, ya shigar a shafin NHTSA, hukumar da ke lura da lafiyar motoci a Amurka. Tawa ba ta ciki, ta girmi shekarun da abin ya shafa nesa ba kusa ba. Tsufa da ƙarancin mai suka kashe famfona. Na yi hamdala, amma raina bai yi sanyi ba, don yau na ɗanɗana abin da ke jiran duk wanda tasa ke ciki.

Abin da ke ci mani tuwo a ƙwarya shi ne wannan. Can Amurka, mai mota takarda ake aika mashi har gida, ya kai motar wajen dila a canza famfon kyauta. To amma motar nan ba ta zauna can ba. An sayar da ita a gwanjo, ta hau jirgin ruwa, ta sauka Legas ko Kwatano, yau tana ɗaukar yara makaranta a Ƙofar Ƙaura. Takardar tana can tana neman wanda ya daɗe da rabuwa da motar. Idan ya kai ta gyara kafin ya sayar, alhamdulillahi. Idan bai kai ba, lahanin ya biyo ta har nan, kuma babu mai gaya mana. Mu in za mu sayi mota ta hannu, fenti muke dubawa, da sanyin AC, da takardun kwastan, mu saurari ƙarar inji. Ban taɓa ganin wanda ya tsaya a wajen dillali ya duba ko kamfani ya taɓa kiran motar ba. Ni ma ban san ana yi ba sai yau, alhali aikin minti biyu ne a waya.

Bakanike yana jin mu ya ajiye sifana. Ya ce ya sha canza famfo a motocin da ba su tsufa ba, kullum fetur yake ɗora wa laifi. Ya sa ƙanena ya ajiye mashi shafin a wayarsa, ya ce daga yau duk motar Amurka da ta shigo garejin sai ya duba lambarta. Na ji daɗin wannan ƙwarai.

Uwargida ta kira da magariba, Gwaggo da sauƙi, za su kwana can. Ba ta gaya mata abin da ya faru ba, na ce ta kyauta.

Wadda ta tsaya mani a rai ita ce Yaya Babba. Motarta ƙirar 2019 ce, daga Amurka aka kawo ta, kuma kusan kowane mako tana hanyar Kano da jikokinta. Na kira ta na ce ta ɗauko mani hoton lambar. Ta turo, amma duhu ya yi, hasken wayar ya daki gilashin, rabin haruffan ba sa karantuwa. Ta ce in bari sai wani lokaci, ai motar lafiyarta lau. Na roƙe ta kada ta fita da ita gobe sai na zo. Ana idar da sallar asuba zan hau babur ɗin ƙanena in je in karanta lambar da idona.