Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarar da Baffa Ya Dawo Hannunmu

A makon jiya na tsaya a inda Baffa, ƙanen mahaifinmu, ya karɓi takardun gidan da Baba ya bari da sunan zai adana mana, muka wayi gari ya sayar, ya ce wai bashin marigayi ya biya da kuɗin. Muka koma haya, ni da Mama da ƙannena, karatuna kuma ya tsaya cak. Shekarun da suka biyo baya ba zan daɗe a kansu ba. Mama ta kama ɗinki har idonta ya fara rauni, ni na sami ɗan aikin da na samu, ƙannena suka ci gaba da makaranta da kyar. Baffa kuwa ko a hanya muka yi kiciɓis sai ya kau da kai.

A wannan tsakanin ne na riƙe majami'a hannu bibbiyu. Ina cikin mawaƙa, ba na fashin addu'ar tsakiyar mako, kuma in muna rera waƙar gicciye hawaye na zubo mini ba tare da na kira su ba. Ina ƙaunar Allah a lokacin, da gaske nake, domin shi kaɗai ya rage mana uba. Abin da ban kai ga sani ba tukuna shi ne inda wannan ƙauna za ta kai ƙafata.

Ran nan aka aiko cewa Baffa ya yanke jiki ya faɗi. Hawan jini ne ya daɗe yana cinsa bai sani ba, ya shanye masa ɓarin jiki na dama, ya tafi da maganarsa. Kuɗin gidan sun daɗe da ƙarewa, matarsa ta riga ta tafi, 'ya'yansa suna nesa kowa yana ta kansa. Asibiti suka sallame shi, aka rasa inda za a kai shi. Masu shigowa gidanmu da labarin ba jaje suka zo yi ba. Wannan ta ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Waccan ta ce Allah ba azzalumin kowa ba ne, ga shi ya rama wa marayu tun a duniya. Mama tana jinsu, ba ta tanka ba. Da suka watse sai ta dubi ƙanena ta ce, "Ka je ka nemo mota, a ɗauko Baffanku."

A daren na same ta bayan yara sun kwanta. Na ce, "Mama, mutumin da ya fitar da mu titi? Ai ko mutane sun ce rama cuta ga macuci ibada ne. Mu ba ramawa za mu yi ba, kyale shi kawai za mu yi da abin da Allah ya ɗora masa."

Mama ba ta yi karatu mai zurfi ba. Littafi Mai Tsarki da yatsa take binsa, kalma bayan kalma, leɓenta na motsi. Ta buɗe Romawa 12 ta miƙo mini ta ce in karanta aya ta 19, inda Ubangiji ya ce ramuwa tasa ce. Na karanta da ƙarfi, don ayar ta yi mini daɗi. Ta ce, "Ci gaba." Aya ta 20 ta ce in maƙiyinka yana jin yunwa ka ba shi abinci, in yana jin ƙishi ka ba shi ruwa. Ta ce, "To, 'yata, Allah ya ɗauki nasa rabon, ya bar mana namu. Nasa ramuwa, namu cokali." Sannan ta juya zuwa Yohanna 14, ta ɗora yatsa a aya ta 15: "In kuna ƙaunata, za ku bi umarnina." Ta ce, "Kullum ina jinki kina rera masa cewa kina ƙaunarsa, raina kuma yana fari da hakan. Yau ga shi ya aiko da saƙo."

Daga baya, da na zauna na karanta surorin nan a jere, na ga a wane irin dare Yesu ya faɗi wannan magana. Daren da aka bashe shi ne. A sura ta 13 ya tashi daga cin jibi, ya tuɓe mayafinsa, ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro ya wanke ƙafafun almajiransa. Yahuza Iskariyoti, almajirin da ya bashe shi, bai fita ba sai a aya ta 30, wato ƙafarsa na cikin waɗanda aka wanke, Yesu kuwa ya san abin da ke ransa. Bayan fitarsa ne aka ba da sabon umarni, a aya ta 34, cewa su ƙaunaci juna kamar yadda ya ƙaunace su, sai kuma aka gaya wa Bitrus zai yi musun saninsa sau 3 kafin zakara ya yi cara. Saboda haka da ya ce "za ku bi umarnina", umarnin da ke sabo a kunnensu shi ne wannan, kuma wanda ya ba da shi hannunsa bai daɗe da fitowa daga ruwan wankin ƙafar maci amana ba. A cikin sura ta 14 kaɗai ya maimaita zancen a aya ta 15, da ta 21, da ta 23, ya kuma juya shi ta ɗaya gefen a ta 24, cewa wanda ba ya ƙaunarsa ba ya kiyaye maganarsa.

Aka kawo Baffa a kwance. Da na gan shi sai da gabana ya faɗi. Mutumin da muryarsa ke cika gida ya koma ƙashi da fata, bakinsa ya karkace gefe guda, miyau na bin haɓarsa. Ma'aikaciyar jinya ta gargaɗe mu cewa a riƙa juya shi duk bayan awa 2, in ba haka ba kwanciya za ta huda masa fata a ƙugu da diddige, ta kuma ce a ɗaga masa kai sosai in za a ba shi abinci don kada ya shaƙe. Ƙanena ya ɗauki wanka da kai shi bayan gida. Ni aka bar mini ciyarwa da juyin tsakar dare, don Mama ta ɗan runtsa. Sai in sa hannu ɗaya a ƙarƙashin kafaɗarsa, ɗaya a ƙugunsa, in mirgina shi a hankali, in cusa matashi tsakanin gwiwoyinsa, in gyara hannun nan na dama da ya mutu, hannun da ya sa wa takardar cinikin gidanmu. Yana jin duk abin da ake faɗa. Idonsa kawai yake bina da shi, in na dube shi kuma sai ya rufe.

Ina yin aikin, amma zuciyata ba ta sauko ba, wannan kuwa ya dame ni ƙwarai, har na fara jin nauyin buɗe baki a cikin mawaƙa. Na je wurin fastonmu, dattijo mai sanyin magana, na ce, "Baba, hannuna yana yi masa hidima, raina kuma yana tafasa. Wannan ba munafunci ba ne?"

Ya tambaye ni, "Don idon wa kike tashi tsakar dare? Akwai mai ganinki?" Na ce babu. Ya ce munafuki don a gani yake yi. Sai ya ba ni labarin Corrie ten Boom, wata mai gyaran agogo a garin Haarlem na ƙasar Holan, wadda iyalinta suka ɓoye Yahudawa a gidansu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. An kama su a watan Fabrairu 1944, 'yar'uwarta Betsie ta mutu a sansanin fursunoni na Ravensbrück a watan Disamba na shekarar. A 1947, bayan ta gama magana a kan gafara a wata majami'a a birnin Munich na Jamus, sai ga ɗaya daga cikin masu gadin sansanin ya miƙo mata hannu yana neman gafara. Ita da kanta ta ba da labari cewa zuciyarta ta daskare, ta roƙi Yesu taimako, ta ɗaga hannun don biyayya kawai, kuma sai bayan hannuwan sun haɗu ta ji abin da ta kasa ji da farko.

Na ce, "Baba, shi wancan ya nemi gafara. Baffa bai taɓa nema ba." Ya ce gaskiyata. Sannan ya ce Romawa 5:8 ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, bai jira mun roƙa ba. Fasto ya ɗauko alƙalami ya yi mini lissafin misalin bawa marar tausayi da ke Matiyu 18. Dinari 1 shi ne ladan ɗan ƙodago na yini guda, kamar yadda Matiyu 20:2 ta nuna, talanti 1 kuwa wajen dinari 6,000 ne. Bawan da sarki ya yafe wa talanti 10,000, an yafe masa dinari miliyan 60 ke nan, aikin fiye da shekara 160,000 ba hutu. Shi kuma ya shaƙe abokin bautarsa a kan dinari 100. Fasto ya ce, "Ki lura, 'yata, dinari 100 ladan fiye da wata 3 ne. Yesu bai ce ba komai ba ne. Abin da aka yi muku zalunci ne, kada kowa ya sa ki kira shi da wani suna. Yusufu ma da ya yafe wa 'yan'uwansa, a Farawa 50:20, sai da ya ce musu mugunta suka nufe shi da ita."

Wannan maganar ta sauke mini kaya. Na daɗe ina jin masu wa'azi suna maganar gafara kamar wanda aka cuta ne mai laifi in ya ce ya ji ciwo, kuma har gobe ban yarda da irin wannan koyarwa ba. Tana sa masu rauni su yi shiru, azzalumai su miƙe ƙafa. Haka kuma ban yarda da masu mayar da kiyaye maganar Allah ciniki ba, a yi masa biyayya a rubuta a littafi a jira sakamako. Babban ɗan nan na misalin ɓataccen ɗa a Luka 15 ya ce wa ubansa bai taɓa ƙetare umarninsa ba, gaskiya kuma ya faɗa, amma ya tsaya a waje ya ƙi shiga inda ƙanensa yake. Mama ba ta ɗauko Baffa don Allah ya biya ta da gida ba. Na taɓa tambayarta ko tana sa rai da hakan, ta ce ita an riga an biya ta tun a Kalfari, inda aka gicciye Yesu. Abin da 1 Yohanna 4:19 ke faɗa ke nan, muna ƙauna domin shi ya fara ƙaunarmu, aya ta gaba kuma ta ce wanda bai ƙaunaci ɗan'uwansa da yake gani ba, ba zai iya ƙaunar Allah da bai gani ba. Namu ɗan'uwan yana kwance a ɗakinmu, muna ganinsa safe da yamma.

Ni abin bai zo mini a tashi ɗaya ba kamar matar Holan. A hankali ya zo. Na fara lura da gefen da ya fi jin daɗin kwanciya a kai. Na gane in ya buga yatsun hagu a katifa ruwa yake so. Wata rana na tsinci kaina ina yi wa ƙanena faɗa don ya bar shi da jiƙaƙƙiyar riga, faɗa na gaske, irin wanda ake yi a kan naka. Da dare Mama takan zauna kusa da shi ta karanta masa Zabura 23 da yatsanta, ni kuma na fara rera masa waƙoƙinmu ƙasa-ƙasa in ina juya shi. A Yohanna 14:23 Yesu ya yi alkawari cewa wanda ya kiyaye maganarsa, shi da Uba za su zo su zauna tare da shi. A ɗakin nan mai warin magani na ji zaman nan fiye da yadda na taɓa jinsa a kan bencin majami'a.

Maganar Baffa ta ɗan fara dawowa, kalma ɗaya ɗaya, da kyar. Ana cikin haka ne babban ɗansa ya diro ba sallamar kirki, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wai ya ji mun riƙe mahaifinsa ne don mu ci kuɗin fanshonsa, kuma da hukuma zai dawo. Yadda Mama ta amsa masa, da kalmar farko da Baffa ya haɗa a gabansa, su zan kawo muku mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu.