Abin da tsofaffin kwamfutoci suka koya mini game da harhaɗa manhaja

Yawancin kwamfutocin da na yi karatu a kansu, da waɗanda na riƙa gyara wa ɗalibai daga baya, 'yan gwanjo ne. A kan irinsu mutum ke gane cewa harhaɗa manhaja, wato mayar da rubutun C ko C++ zuwa harshen da na'ura ke ji, aiki ne mai nauyi. Ka rubuta make, umarnin da ke fara harhaɗawar, ka danna, fanka ta fara kuka, ka tashi ka yi alwala ka yi salla ka dawo ba a gama ba. Mai sabuwar na'ura ba ya tambayar dalili. Mu kuwa dole muka tambaya, domin lokacinmu da cajin batirinmu ne ke tafiya.

Abu na farko da ya fito fili shi ne lambar gigahaz, wato ma'aunin gudun firosesa (sashen da ke yin lissafi a kwamfuta), ba ta faɗin gaskiya duka. Mai sayarwa zai nuna maka Pentium 4 mai gigahaz 3, ya ce ta fi Core 2 Duo mai 2.4, tunda uku ta fi biyu da ɗigo huɗu. Amma Core 2 ɗin da Intel ta fitar a 2006 tana barin Pentium 4 a baya nesa ba kusa ba. Aikin kwamfaila, wato manhajar da ke yin harhaɗawar, cike yake da "in kaza ne yi kaza", firosesa kuma hasashe take yi ta ci gaba kafin amsa ta fito. Pentium 4 samfurin Prescott tana da layin aiki mai matakai 31, duk sanda hasashenta ya kuskure sai ta zubar da abin da ke kan layin ta sake lale. Core 2 layinta gajere ne, ga ƙwaya biyu, wato sassa biyu masu yin lissafi lokaci guda, ga ƙaramar ma'ajiya ta cikin firosesa da ta kai megabait 4 a samfurin E6600.

Sai dai inda na fi ganin ɗalibai suna wahala ba firosesa ba ce, RAM ce, wato ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke ajiye abin da take aiki a kansa. Firosesa marar ƙarfi tana jinkirta aiki daidai gwargwado: in saurinta rabi ne, jiranka ya ninka. Ƙarancin RAM ba haka yake ba. Muddin aikin ya shiga cikinta lafiya lau, amma da zarar ta cika, Linux zai fara kwashe bayanai zuwa faifai, abin da ake kira suwaf. Ɗauko abu daga RAM bai wuce kamar nanosakan 100 ba, faifai mai juyawa kuwa yana cin kusan milisakan 10 kafin allurarsa ta kai wurin. Ninki dubu ɗari ke nan. Kamar tela ne da teburinsa ya cika, duk yadin da zai yanka sai ya je sito a wata unguwa ya ɗauko. Ƙwarewar hannunsa ba ta da sauran amfani. Za ka ga fitilar faifai ta tsaya ƙyam ba ta ƙiftawa, linzamin kwamfuta ya ƙi motsi, firosesa kuma tana zaune ba ta yin komai.

Nan ne shawarar da ake yawan bayarwa a intanet ke cutar da mai tsohuwar na'ura. Ana cewa a sa make -j4 don a harhaɗa fayil huɗu lokaci guda. Gaskiya ne in RAM ta wadata. Amma fayil ɗaya na babban aikin C++ yana iya cinye sama da gigabait guda, shi ya sa masu Gentoo, wani nau'in Linux, ke shawartar a ware kusan gigabait 2 ga kowane aiki. A na'ura mai gigabait 2, -j4 yana iya ɗaukar lokaci fiye da -j1, ko kuma tsarin ya kashe cc1plus, wato kwamfailar C++, da kansa saboda RAM ta ƙare. Ɗalibi ya ga haka sai ya ɗauka rubutunsa ne ya lalace, ya kwana yana neman kuskuren da babu shi. Wannan yana damuna ƙwarai, don na ga masu basira sun karaya a kan abin da ba laifinsu ba.

Ko RAM ta isa, akwai matakin ƙarshe na haɗe dukan fayilolin su zama manhaja ɗaya, wanda a tsohon linka na GNU, wato manhajar da ke wannan haɗewar, ƙwaya ɗaya ce ke yinsa. Tun 1967 Gene Amdahl ya nuna cewa sashen aikin da ba ya rabuwa shi ke iyakance ribar ƙarin ƙwayoyi.

Yanzu in an kawo mini na'ura ana kukan jinkiri, ba na fara maganar saye. Ina buɗe vmstat, manhajar da ke nuna yadda na'ura ke aiki, yayin da ake harhaɗawa, in duba ginshiƙan "si" da "so", masu nuna shiga da fitar bayanai daga suwaf. In lambobinsu na motsi, suwaf ne, RAM ake buƙata ko a rage -j. In firosesa ce ke cike ɗari bisa ɗari, sai in taɓa ƙasan na'urar. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, ga zafin Afrilu, firosesa kuwa in ta yi zafi rage gudunta take yi don kada ta ƙone. Buɗewa a kakkaɓe, a sabunta man sanyaya ta, yakan dawo da saurin da aka zaci ya tafi.

Sauran dabarun ba su cin kwabo: ccache don kada a sake harhaɗa abin da bai canza ba, da -O0 a madadin -O2 lokacin gwaji, don kwamfaila ta tsallake aikin inganta gudun manhaja. In akwai ɗan kuɗi, RAM tukuna, sannan SSD, faifan da ba ya juyawa. Kafin a je kasuwa a duba ko RAM ɗin DDR2 ce ko DDR3, da iyakar abin da allon na'urar ke ɗauka, a kuma tabbata tsarin da ke kai mai bit 64 ne, domin a mai bit 32 manhaja ɗaya ba ta iya amfani da fiye da gigabait 4 komai yawan RAM ɗin da aka saka.