Larabawa na cikin soshiyal midiya dumu-dumu amma hankalinsu bai kwanta da ita ba

A 2011 kowa cewa yake Facebook ne ya kori Mubarak, shugaban Masar na lokacin. Shafin da wani ɗan fafutuka, Wael Ghonim, ke gudanarwa don tunawa da Khaled Said, matashin da ya mutu a hannun 'yan sanda, yana cikin waɗanda suka kira mutane su fito zanga-zanga ranar 25 ga Janairu, gwamnati ta firgita ta katse intanet kusan kwana biyar, amma ina, ranar 11 ga Fabrairu Mubarak ya sauka. A Tunusiya ma bidiyon zanga-zangar garin Sidi Bouzid ne ya riƙa yawo waya zuwa waya har shugaban ƙasar, Ben Ali, ya gudu Saudiyya. Lokacin matasa sun fi yarda da wayarsu a kan talabijin ɗin gwamnati nesa ba kusa ba.

Yanzu fa? Har gobe suna ciki, TikTok ne, Snapchat ne, WhatsApp ne, sai dai kowa na taka-tsantsan da bakinsa. Masar ta yi doka a 2018, duk mai mabiya sama da 5,000 ana iya kula da shafinsa kamar gidan jarida a rufe shi. A Saudiyya kotu ta yanke wa wata ɗaliba, Salma al-Shehab, shekara 34 a 2022 saboda abin da ta wallafa a Twitter, wallahi wannan ya tsaya min a rai. Ga kuma asusun bogi da ake biya su yi wa mutum ca. To wa zai saki jiki? Wani ƙanena da ya yi karatu a Alƙahira ya ce abokansa maganar siyasa sai a gurup ɗin dangi, can ma a takaice, kuma can ɗin ne ƙarya ta fi saurin shiga tunda ba ka iya ƙaryata kawunka.

Mu a Jos mun san wannan. Bayan kashe-kashen Barikin Ladi a 2018 an yi ta yaɗa hotuna a Facebook, wasu ba ma a Najeriya aka ɗauke su ba, kuma jama'a sun harzuƙa a kansu. Ka zauna teburin mai shayi a Bauchi Road, ɗaya ya miƙo waya "kun ga abin da ke faruwa?", kafin wani ya tambayi daga ina, an riga an tura wa mutum goma, masu shago a Terminus sun fara ja ƙofa.

Shi ya sa ba na goyon bayan masu cewa a kwaikwayi Larabawa a ɗaure mutane. Ɗauri ya rufe bakin masu sharhi da sunansu na gaskiya, masu asusun bogi kuwa ko a jikinsu.