Inda aka kwana kan kalangun da nake sakawa a kwamfuta

'Yan'uwa masu koyon wannan aiki na haɗa hotunan abu su zama cikakkiyar siffarsa (3D) a kwamfuta, kangon kalangun ya fito, alhamdu lillahi. Na wani dattijo ne a wajen Ƙofar Marusa a Katsina, gadon mahaifinsa da ya yi wa mahauta kiɗa da shi. Baba ya yarda na ɗora shi a kan kifaffen turmi, na riƙa zagayawa da waya ina ɗauka ta sama da tsakiya da ƙasa, kowane hoto ya ci kusan kashi 70 cikin 100 na wanda ya gabace shi. Ku ci moriyar hazon hunturu, domin yana kashe inuwa, ita kuwa inuwa rikita manhaja take yi. Da manhajar Meshroom na haɗa hotunan suka zama siffa. Wanda kwamfutarsa ba ta da katin sarrafa hoto na Nvidia, wanda Meshroom ke buƙata, ya gwada manhajar Polycam ko KIRI Engine a waya.

Tsarkiya ce ta ba da wahala. Siraran igiyoyin fatar nan manhaja ba ta rarrabe su, sai ta cure su da kango su zama dunƙule. A Blender, manhajar gyaran siffa, na share su, na sake zana kowace ɗaya ina bin hoto, har da wadda ta taɓa tsinkewa aka ƙulla. Baƙin da gumi ya bari a gefen da hammata ke kamawa ma na bar shi. Kada ku goge irin wannan don neman kyau, shi ne shaidar an yi aiki da abin.

Sai dai siffa kaɗai ba kalangu ba ce. Maganarsa tana wajen matsa tsarkiya: a matsa murya ta hau, a saki ta sauka, da haka yake bin hawa da saukar Hausa har ya kira sunan mutum. Waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa da ya rasu a 1999, suna nan a faifai, amma faifai ba ya nuna wa yaro yadda hannu da hammata suka fitar da wannan amo. Don haka na roƙi Baba ya buga a sake, ya buga da rabin matsi, ya buga a matse tam, na naɗi kowanne daban cikin ɗaki mai labule. Yanzu ina ɗaura sautukan a kan siffar, in fitar da ita a tsarin glTF na adana irin wannan siffa, yadda mai kallo zai ja tsarkiya da yatsa ya ga ta lanƙwashe, ya ji muryar ta canza.

Kakaki ke gaba, kuma ƙyallin ƙarfensa zai ruɗa manhaja. Masu fesa hoda suna kashe ƙyalli, amma ba zan fesa komai a kayan gadon mutane ba, gilashin kamara mai rage ƙyalli nake nema. Kakaki da tambari kayan sarauta ne, sai an nemi izini a Gidan Korau, fadar Sarkin Katsina, kafin a taɓa. Wanda yake da irin wannan gilashi a cikin Katsina, don Allah ya ara mini.