Harsashin Da Ya Dace Da Tsohuwar Libarba Da Bindiga Mai Liba

Duk wanda ya tsaya kusa da 'yan bindigar sarki ranar hawan sallah a Ringim, Gumel ko Kazaure ya san albarushin gargajiya: ƙara mai nauyi, farin hayaƙi ya turnuƙe, ga warin farar wuta. Don irinsa aka ƙera libarba da bindigogi masu liba (dogayen bindigogi da ake ɗura wa harsashi ta hanyar jan wani hannun ƙarfe da ke ƙasansu) na Amurka tun daga wajen 1860 har kusan ƙarshen wancan ƙarni. Ƙarfensu wannan albarushin ya sani. Saboda haka mai neman harsashi na asali, shekarun ƙarfen zai fara tambaya kafin ya duba sunan da ke jikin kwali.

Maganar doka tukuna. A dokar makamai ta Nijeriya libarba na cikin haramtattun makamai, sai da lasisin shugaban ƙasa. Bindigar farauta mai bututu ɗaya ta harsashi na neman lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuwa na Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Tsufan bindiga, ko cewa gadon kaka ce, ba ya fitar da ita daga wannan. Bayanin nan na masu lasisi ne, da masu kula da kayan tarihi, da masu son sanin yadda abin yake.

Sunayen harsasan na da suna ɗauke da bayaninsu. A .44-40, wanda ya fito tare da bindigar liba ta Winchester 1873, lambar farko faɗin harsashi ce a ma'aunin inci, ta biyu kuma nauyin albarushi a ma'aunin giren. Giren 40 bai wuce giram 2.6 ba, kan harsashin kuma darma ce mai giren 200, wajen giram 13. Haka .45-70 na sojan Amurka, shi ma na 1873: albarushi giren 70, darma giren 405. Sai dai sunan kan yaudari mutum. Ainihin faɗin .44-40 inci .427 ne. Shi kuwa .38-40 faɗinsa .401, wato ya fi kusa da 40 a kan 38. Shi ma .30-30 na 1895 ya ari salon sunan ne kawai, tun fitowarsa albarushi marar hayaƙi ne a cikinsa, don haka wanda ya ce zai nemi na hayaƙi wa Winchester 1894 mai .30-30 don ya bi tarihi, ya saɓa wa tarihin.

Akwai wani kuskure da ya bazu. Libarbar Colt ta 1873 da .45 Colt ta fito, darma wajen giren 255. Mutane sai su ɗauka bindigar liba ta wancan zamani ma shi take ci. Winchester ba ta yi ta da .45 Colt ba a lokacin, domin leɓen gindin kwanson ƙarami ne, ƙugiyar da ke fizgo kwanso ba ta samun abin kamawa sosai. Masu liba da ake gani yau da .45 Colt kwaikwayo ne na baya-bayan nan. Wanda a da yake son harsashi ɗaya ya yi masa aiki a libarba da doguwar bindiga, .44-40 yake ɗauka, shi ya sa Colt ta fitar da libarba mai cin sa wajen 1878. Henry ta 1860 da Winchester 1866 kuwa .44 Henry suke ci, wanda wutarsa ke tashi daga leɓen kwanso. An daɗe da daina yin sa don kasuwa, kwaikwayonsu na yanzu duk an sauya musu harsashi.

Inda hatsarin yake shi ne albarushi. Na gargajiya yana ƙonewa ya bar kusan rabin nauyinsa a matsayin dauɗa, matsinsa kuma yana da iyaka. Marar hayaƙi kaɗan ne ke cikin kwanso, amma yana iya kai matsi inda tsohon ƙarfe ba zai jure ba. Kamfanin Colt bai lamunce wa libarbarsa ta 1873 albarushi marar hayaƙi ba sai a 1900, daga lambar ƙira wajen 192,000. Wadda lambarta ke ƙasa da haka, ta hayaƙi ce, ba ciniki. Winchester 1873 ma makullinta gaɓoɓi ne masu lanƙwashewa kamar gwiwa, ba shi da ƙarfin na 1892 mai sanduna biyu na ƙarfe. Tun 1903 kamfanin Winchester ya fitar da .44-40 mai ƙarin gudu, ya kuma yi gargaɗin cewa ba na 1873 ba ne, ba na libarba ba ne. Suna ɗaya, kwanso ɗaya, amma ɗaya na iya karya bindigar. Haka .45-70 na yau: akwai mai sauƙi da aka yi don tsofaffi, akwai mai zafi na sababbin bindigogin liba na Marlin. Duka biyun za su shige tsohuwar bindiga salin-alin.

Shigar harsashi ɗakinsa a cikin bindiga ba shaida ba ce cewa ya dace da ita. Tsohuwar Colt mai .38 Long Colt, da yawansu ramukan ganga, wato sashen libarba mai juyawa da ke ɗaukar harsasai, a miƙe aka huda su, har .357 Magnum na 1935 kan iya shiga, kuma harbi ɗaya ya isa ya tarwatsa gangar a hannun mutum. Idan .44-40 ya faɗa ɗakin .45 Colt zai tashi, amma kwanson ya tsage, iskar wuta ta dawo baya. Webley ta Ingila mai .455, wadda hafsoshin Turawan mulki suka riƙe, an yanke wa da yawa bayan ganga a Amurka don su ci .45 ACP, alhali matsinsa ya zarce abin da aka ƙera ta dominsa.

Sai siffar kan harsashi. A bindiga mai liba harsasai na jere ne cikin bututun da ke ƙarƙashin babban bututu, hancin na baya yana tokare da gindin na gaba, daidai kan ɗan maɓallin da ke tayar da wuta. In hancin mai tsini ne, girgizar harbi na iya sa ya daki maɓallin, jerin duka ya tashi ƙarƙashin hannun hagu. Don haka na asali masu faffaɗan hanci ne. Dole kuma bakin kwanso ya damƙe darmar sosai, in ba haka ba matsin sifirin da ke tura jerin harsasan zai tura ta ciki. A libarba akasin haka ke faruwa: darmar kan zamo waje ta tokare ganga, ta ƙi juyawa.

Darma mai taushi ita ce ta asali, ba mai rigar jan ƙarfe ba. Tsofaffin bututu ba su da faɗi ɗaya, kuma darma mai taushi na buɗewa ta cike zanen cikin bututu, mai tauri kuwa wuta ta bi gefenta ta narkar da ita, ta liƙe a ciki. Maiƙon da ke cikin tsagin darmar ma yana da muhimmanci. Na kakin zuma da kitse shi ke tausasa dauɗar albarushin hayaƙi. Maiƙon da aka samo daga man fetur kuwa haɗuwa yake da ita ya zama kwalta. A nan ƙasar abin ya fi tsanani lokacin hunturu, iska a bushe, dauɗar ta daskare bayan 'yan harbi kaɗan, saiti ya lalace. Ta wannan fuskar .44-40 ya fi .45 Colt, domin wuyan kwansonsa siriri ne, yana buɗewa ya toshe ɗakin, dauɗa ba ta komawa cikin injin bindigar.

Tsofaffin harsasai na ainihi da aka tarar a akwati, na ajiya ne, ba na harbi ba. Gindin kwansonsu rarake ne daga ciki, yana iya rabewa. Wasu maɓallan na da sinadarin da ke sa tagulla ta yi gautsi, wasu na barin gishiri mai jawo tsatsa. Wanda ya yi kore ko fari a gindi, a miƙa shi ga hukuma, kar a jefa a wuta ko a bar yara su ɗauka.

Wanki kuwa ranar harbi ake yin sa, musamman da damina. Ruwan zafi da sabulu ke narkar da gishirin albarushi, mai shi kaɗai rufe shi yake, tsatsa ta ci gaba da ci a ƙarƙashi. A wanke bututu da ramukan ganga har tsumma ya fito fari, a busar sarai, sannan a shafa mai kaɗan. Bayan kwana biyu a sake zura tsumma a duba, domin gishirin da ya ɓuya a ramukan tsohon ƙarfe yakan sake tasowa.