Godiya ga matasan agaji na unguwarmu

Assalamu alaikum 'yan uwa na Tawa da na nesa. Kun ji labarin gobarar da ta tashi a gidanmu, kun yi ta kiran waya, wasu sun tako har gida yin jaje. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba. Madafa da rumfar zana sun tafi, 'yata ta ƙone a hannu, amma tana samun sauƙi.

Godiyata ta farko ga matasan unguwarmu ce, maza da mata, waɗanda suka yi horon agajin gaggawa a wajen ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge. Yara ne da suka taso a gabanmu, wasu ko lakwal ba su gama ba. Mai ne ya kama wuta a tukunya, ga iskar hunturu tana kaɗawa. Jama'a na ta ɗauko bokitan ruwa, ɗaya daga cikin matasan ya hana, ya ce ruwa a kan mai fantsama wutar yake yi. Ya rufe butelin gas, ya lulluɓe tukunyar da jiƙaƙƙen bargo. Wani ya kashe lantarki, wata ta kira 18, lambar 'yan kwana-kwana, ta kwatanta gidan sarai, har ta tura yaro bakin titi ya tari motar 'yan kwana-kwana.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne hannun yarinyar. Maƙwabta, da kyakkyawar niyya, wannan na cewa a shafa man goge haƙori, wancan na cewa ƙwai. Wata budurwa ta durƙusa ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ruwa kawai." Ta cire mata zobe tun hannun bai kumbura ba, ta riƙe shi cikin ruwa mai sanyi har minti 20, ban da ƙanƙara, sannan ta rufe da kyalle mai tsabta. A asibiti likita ya ce hakan ya rage zurfin ƙunar.

'Yan kwana-kwana da suka ƙarasa kashe wutar kafin ta tsallaka gidan maƙwabta, da malaman asibiti, da matan da suka yi ta aiko mana da tuwo, Allah ya saka da alheri.

Iyayen waɗannan yara, ku kuka bar su suna zuwa horo, Allah ya yi musu albarka, ya tsare su a duk inda suka kai ɗauki. Na riga na yi magana da babbansu, ɗana zai shiga horo na gaba in sha Allah.